Daren Alhamis a Tabor

Kwana biyar ina jan bas mai lamba goma sha uku,
daga tashar jirgin ƙasa zuwa asibiti, in juyo,
ina kallon birnin Tabor ta gilashi mai raɓa.
Ranar Asabar nakan shiga gareji in ja ƙofa,
in hura gawayi har ya bar tari ya soma numfashi.

Ƙarfen sifirin ne na wata tsohuwar babbar mota,
na saye shi a kan sikeli wurin masu gwangwan.
Shekara talatin yana ɗaukar kayan wasu,
yau ga shi kan uwar maƙera, ja kamar hanta,
ina lallashinsa da masaɓa ya miƙe.
Bai yarda da wuri ba. Ni ma haka nake.

Hunturu guda na yi a kansa.
Ƙanƙara ta rufe kwanon gareji, ta narke, ta sake rufewa.
Matata Jarmila ta daina tambaya,
sai ta ajiye miyar tafarnuwa bakin taga ta koma.
Na goge, na auna, na ɗora shi kan yatsa ɗaya
ina neman inda nauyinsa yake kwana.
Sannan na yi abin da kakan kakana zai tofa wa yawu:
na ɗauki magagari na kashe kaifin,
na naɗe tsinin ya koma kamar bakin cokali.
Wata huɗu ina ƙera takobi
don kada ya yanki kowa.

Daren Alhamis, ɗakin wasanni na makarantar firamare.
Warin roba, warin gumi a cikin lifidi,
layukan ƙwallon kwando ƙarƙashin ƙafafunmu.
Mu tara ne, har da mai haɗa magani, da masu gyaran famfo biyu,
da Vratislav, malamin lissafi mai ritaya,
wanda ke riƙe da hoton shafin tsohon littafi.
Mutum biyu a zane, shekara ɗari biyar suna tsaye,
takubbansu a sarƙe, fuskokinsu babu fushi,
a ƙarƙashinsu kalma ɗaya ta tsohon Jamusanci
da muka shekara biyu muna gardama a kanta.
Shi ya ce murɗawa take nufi. Ni na ce jira.
Mai rubutun ya mutu bai bar lambar waya ba.

Sai Zdislava, yarinyar gidan burodi,
fulawa ba ta gama fita daga farcenta ba,
ta sauke kwalkwalin raga, ta gyaɗa mini kai.
Na kawo sara daga sama, irin wanda nake mafarki,
ruwan takobi ya haɗu da ruwan takobi,
na ji niyyarta a hannuna tun kafin ta motsa
yadda nake jin santsin titi ta sitiyari.
Na jira, kamar yadda na ce littafin ya ce.
Ita ta murɗa.
Tsininta ya ƙwanƙwasa ragar fuskata, ƙwas,
kamar maƙwabciya ta zo aron gishiri.

Vratislav bai ce uffan ba, tabarau kawai ya gyara.
Da ya zage ni da ya fi sauƙi.

Da aka kashe rabin fitilu ta ce in ba ta ta riƙe.
Ta juya shi sau biyu, ta shafa giɓin da ta yi wa bakinsa,
ta ce gabansa ya ɗan yi nauyi,
ta ce nawa zan ƙera mata nata.

Na fito, ƙanƙara na sauka kan duwatsun dandali,
inda aka taɓa yin wannan abu ba da wasa ba,
wanda ya faɗi bai tashi an sha hannu ba.
Ƙaramin yatsana ya kumbura ya yi shuɗi.
Takobin na bayana cikin jakar sandar kamun kifi
don kada tsofaffi su tsorata a hanya.
Gobe da ƙarfe biyar wani ƙarfen ke jirana,
mai ƙafa shida da ƙofa mai huci.
Amma akwai sauran sifirin guda jingine a gareji,
kuma ƙarfe ɗaya ba ya amo.