Batir Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

A Pohang, ƙarfe biyun dare,
hayaƙin masana'anta na kwance a kan teku.
Pyo Mi-ryeong ta cire agogo, ta cire 'yan kunne,
ta zuba makullai a kwanon bakin ƙofa,
don maganaɗisun da ke ciki ba ya jin magiya.

A tafin hannunta ga batir, bai fi littafin aljihu ba.
Daga babur ɗin Bong Tae-sik aka ciro shi,
mai kai wa mutane miyar kifi gida-gida.
Hunturu uku yana ɗura masa caji a gurguje,
yana tsaye cikin ƙanƙara yana hura yatsu.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
To, wannan fuskarsa sumul,
ba kumburi, ba tsatsa.
Da can sai an tsaga shi da wuƙa,
a ga ciwo bayan an kashe mai ciwo.

Ita kwantar da shi ta yi a cikin na'ura,
ta sakar masa wuta kaɗan-kaɗan,
ta zauna.
Shayin sha'ir ya huce a kofi.

Can hoto ya fara fitowa, layi bayan layi.
Ga inda wuta ke gudu kamar ruwa a kwari,
ga kusurwar hagu ta yi shiru,
gidan da aka ƙaurace wa.
A gefe kuma wasu ƙayoyi na lithiyum,
sirara, sun fi gashin ido,
suna tsirowa cikin duhu,
suna neman bangon da ya raba gida biyu.
Ran da suka huda, sai gobara.

Ta rubuta: caji na ɗari tara da shida,
kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa ya tafi.
Tsufa bai yi sallama ba,
ta lungu ya shigo.

Ranar Alhamis za ta kai mahaifinta asibiti.
Shi ma za a ce ya cire agogo,
a tura kansa cikin farin rami mai ƙara,
don jiya ya kira ta da sunan ƙanwarsa,
fuskarsa kuwa sumul.

Ta ciro batir, da sauran ɗumi a jikinsa.
Ta ɗan riƙe shi fiye da yadda aiki ya buƙata,
sannan ta ɗauko na arba'in da biyu.