Maɗaurin Agogo

Lubabatu ta kawo agogonta Shiyar Madunka,
maɗaurin roba ya tsinke a kan kabu-kabu.
Ta ce, "Baba, na jar fata nike so, kafin La'asar."
Ta tafi, ta bar shi bisa gwiwata.

Ban gama wasa wuƙa ba ya motsa
kamar ɗan tsako cikin tafi.
Fuska ta haska: wani ya aiko jar zuciya.
Na soka basilla, ya sake zillo,
wata na dariya har da hawaye, ba sauti.
Hoton amarya daga Tambuwal,
rasuwa a Mabera,
farashin atamfa,
duk a filin da bai kai murfin kwalba ba.

Shekara arba'in ina ɗinka laya da kube,
ban taɓa riƙe abin da ke kiran mai shi haka ba.
Na kife shi kan fatar akuya.
Bai daina ƙugi ba.

Da ta dawo na ɗaura mata, ya zauna daram.
Na ce, "Mutanenki sun yi ta sallama."
Ba ta ji ba.
Idonta na wuyan hannu,
ta miƙo kuɗina tana yi wa wani murmushi.