Layin Jan Biro

Ƙarfe biyun dare a Ƙofar Ƙaura.
An ɗauke wuta, fanka ta yi shiru,
sauro na bitar karatunsa a kunnena,
ni kuwa ina ƙirga masu kiran sunana.

Ɗari huɗu da goma sha biyu.
Jiya sha ɗaya ne.
Wani ɗalibi a ƙasar da ruwa ke daskarewa
ya jingina maganarsa a jikin tawa,
ya cinye harafi guda a Mannir,
ya murɗe Tsagero yadda ko Inna ba za ta gane garinmu ba.
Ban yi fushi ba.
Lamba dai ta motsa.

Takardu ashirin da bakwai na rubuta
a kan zazzaɓin kasuwar kuɗi:
yadda naira ke kwana lafiya ta tashi da jiri,
yadda jita-jita ɗaya daga Legas
ke riga motar farko isa Jibiya,
yadda tsoro ke haifar tsoro,
girgiza ta bi girgiza
kamar awaki a ƙofar garke.
Ashirin da shida na barci cikin mujallu,
ba mai ɗaga musu mayafi.
Ɗaya ce ta yi ƙafa ta zaga duniya,
ita ɗin ma ba duka tawa ba ce.

Daga littafin Baba Sada ɗan canji ta fito,
mai bangon fata, mai ƙamshin goro da man zafi.
Shekara talatin da ɗaya na sefa da naira,
da jan biro, hantsi da la'asar.
Bai taɓa tsallake rana ba
sai ranar da aka kai matarsa makwanci.
Nan ya ja layi kawai.
A lissafina na kira layin nan giɓi,
na haɗa farashin jiyansa da na gobensa,
na raba biyu, na cike wurin.
Masu tantancewa suka ce dabara ce mai kyau.
Har yau tana tsaye a maƙogwarona.

Ranar da kwamitin ƙarin girma ya zauna
suka auna ni kamar gero a kasuwar Charanci,
suka ce na cika tiya har da gyara.
Na sayi tsire na nufi rumfarsa.

"Baba, mutum ɗari huɗu sun ambace mu."
Ya sauke tabarau kan hanci.
"Da alheri?"
"Da alheri."
"To madalla. Me sefa za ta yi gobe?"
Na ce ilimina bai san inda za ta dosa ba,
ƙarfin rawar da za ta taka kawai ya sani.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Wannan ai gwiwata ma tana faɗa mini,
kuma ba ta je Turai ba."

Sai da ya gama tsiren ya tambaya
ko an sa sunansa.
Na ce yana nan ƙasan shafin farko,
da ƙananan haruffa, wurin godiya.
Ban faɗa masa na'ura ba ta ƙirga godiya ba.
Ya goge yajin a gefen tabarma,
ya ce sahun baya ma salla ce.

Ga wuta ta dawo.
Fanka ta ɗauki zancenta daga inda ta tsaya.
Na sake taɓa allon wayar:
sha biyu, har yanzu.

Ban san da wane hali naira za ta farka ba.
Da hantsi Baba Sada zai lashi yatsa,
ya buɗe sabon shafi,
ya rubuta abin da idonsa ya gani.
Ni sai bayan shekara biyu zan iso
da jadawali da dogon Turanci
in bayyana wa duniya dalili.