Silinda ta Bakwai

Shekara tara babana Ermete na sauka ɗakin ƙasa
da zarar ya kurɓe gahawar safe.
Mu a sama sai mu ji zarto na cin ƙarfe a hankali,
kamar ɓera ya sami buhun masara ba mai tsaro.
Dusar ƙanƙara ta rufe gonakin inabin Modena, ta narke, ta dawo,
shi dai yana can, madubi a ido, harshe a gefen baki.

Abin da yake ƙerawa bai wuce kamu biyu ba:
jar motar tsere irin ta zamanin samartakarsa,
mai dogon hanci, mai kujera ɗaya tal.
Silinda goma sha biyu,
fistan kowace kamar ƙwayar wake,
fulogi kuwa sai ka riƙe numfashi kafin ka ɗauka.
Fatar kujerar daga jakar Mama Nerina ya yanko,
wata biyu bayan mun binne ta.
Ban ce komai ba. Shi ma bai ce ba.

Akwai ranar da noti guda ya suɓuce masa.
Kwana uku muna rarrafe da maganaɗisu,
ni da digirina, shi da gwiwarsa mai ciwo,
ashe ɗan banzan na kwance cikin naɗin wandonsa.

Abin da ban faɗa muku ba:
babana ba ya ji.
Shekara talatin da ɗaya gefen injinan gwaji
sun cinye kunnuwan tas, ba ko godiya.
Ƙararrawar coci sai dai ya ga tattabaru sun watse
ya san ƙarfe sha biyu ta yi.

Ranar Lahadi ya ce a kira mutane.
Osvaldo mai burodi ya zo da gari a gira,
Gualtiero ya zo da agogon auna gudu, ban san don me ba,
yaran layi suka cika matakala.
Da sirinji ya ɗura fetur, bai kai cokali uku ba.
Ja na farko, tari.
Na biyu, shiru.
Osvaldo ya soma duban takalminsa.
Na uku,
wayyo!
rina dubu a cikin tulu,
kofuna na rawa a kan kanta,
shuɗin hayaƙi mai ƙaurin man zurma ya turnuƙe ɗakin,
yara na ihu, Gualtiero na kuka ba kunya,
ɗan abin nan na zage-zage kamar zai cinye tebur.

Babana bai yi tafi ba.
Ya ɗauki sukudireba mai ƙotar icce,
ya ɗora bakinta a kan injin,
ƙotar kuma a ƙashin bayan kunnensa,
ya rufe ido.
Ya daɗe.

Sai ya yafito ni. "Tecla, zo ki ji."

Ƙarfen ya shigo min ta haƙori.
Da fari guguwa ce kawai,
can sai ta rabu, ƙafa-ƙafa:
goma sha ɗaya na gudu,
ɗaya na jan ƙafa a baya,
irin takun da nake ji kullum a matakala
bayan gahawar safe.

"Ta bakwai ce," in ji shi, ya kashe.

Baƙi suka ci burodi, suka yaba, suka tafi.
Kafin duhu ya shimfiɗa farin ƙyalle,
ya jera ƙananan kwanoni don kada noti ya sake gudu.
Na ce, "Baba, ai ba wanda ya lura."
Bai ga bakina ba, ko kuma ya gani.

Hannunsa na rawa yanzu.
Ni ke riƙe fitila,
ni ke kwance na farko.