Shirun da Aka Gina

A Agege, bayan layin dogo,
shekara tara muna magana da hannu
ni da Baba Tanimu,
don injin kamfanin ƙanƙara
ya cinye mana har sallama.
Ko kofin shayi rawa yake a kan benci.

Ranar Talata Morenike ta zo
da 'yar na'ura kamar sabulu a tafinta.
Ta ɗaga ta sama, ta yatsina fuska,
ta ce ƙara kamar ruwa take,
inda ta ga kafa nan take bi.

Suka ɗora injin a kan roba mai kauri,
suka yi masa ɗaki cikin ɗaki,
soso a bango, suka toshe kowace tsaga.

Daren nan ban runtsa ba.
Na ji ɗigon famfo,
na ji tarin maƙwabciya,
ashe agogona yana da murya.

Da asuba na ce, "Baba, ka ji?"
Ya dubi bakina, ya yi murmushi,
ya ɗaga hannu kamar kullum.
Shi nasa shirun ya riga namu zuwa.