Masu Gadin Gidana

Shekara takwas Fresia ke hawa matakalar asibiti,
ita ake ɗiba wa jini, ita ake wa hoto.
Ni ina bakin aikina a Valparaíso,
ina jan taragon igiya sama da ƙasa a jikin tudu,
ina ɗaga wa 'ya'yan mutane hannu.

Ran wata Talata aka ce nawa ake so.
'Yar kwalba, da ɗaki mai sakata.

Likita Oyarzún ta juyo mini madubin awo.
Eleuterio, kafa idonka.
Na ga zuriyata cikin ɗigon ruwa,
kai manne da kai, wutsiya sarƙe da wutsiya,
kamar kifin da taru ya kwaso da asuba:
ga motsi, ba tafiya.

Ta ce, ka taɓa yin hangum da girmanka?

Na tuna barikin Punta Arenas, ina ɗan sha tara,
kumatu kamar an cusa mini burodi.
Kwana biyar ciwon ya sauka ƙasa,
wando ya gagare ni, baki ya gagare ni,
na ciji bargo har kumburin ya sace.
Na ɗauka mun rabu ke nan.

Ta ce akwai katanga a jikin namiji
tsakanin jini da rumbun iri,
dakarun jini ba su taɓa leƙa cikinta ba.
Zazzaɓin nan ya tsaga bangon.
Da suka shiga suka ga baƙin fuska,
ba su tambayi 'ya'yan wane ne ba,
suka ɗaure su. Har gobe ɗaurewa suke.

Ashe ba ƙadangare ne ya shiga ba,
masu gadin gidana ne,
su da suka raba ni da tarin hunturu sau ashirin.
Wa zan kai ƙara?

Ta ce ana iya wanke irin, a tsamo masu rai.
Ba ta yi alkawari ba, ta rubuta rana.

Na sauko da ƙafa, teku na ta kaɗa jiragenta.
Fresia na yanka albasa na faɗa mata.
Wuƙar ta tsaya.
Ta ce, babarka fa, kai za ka gaya mata.
Na ce ni.
Ta turo mini sauran albasar.