Mai Wankin Kwalabe

Shekara goma sha ɗaya ina wankin kwalabe
a ɗaki na uku, hagu da matakala,
cikin jami'ar nan ta hanyar Dutsin-Ma.
Ni ne Yahuza, mutumin Batagarawa.
Sunana bai taɓa hawa takardarsu ba,
amma duk gilashin da ya faɗi gaskiya a ɗakin nan
ta hannuna ya fara bi.

Wuta-wuta kam, na san ta tun ban san wando ba.
Fure gare ta kamar ta yi kwalliyar zuwa biki,
ita ta cinye gonar Baba ta gabas da rijiya.
Dawa ta tsaya iya gwiwa, ta yi ɗorawa, ta sunkuya,
dami arba'in ya koma bakwai.
Baba ya ce ƙasa ce ta gaji.
Inna ta ce baki ne.
Mu tuge, mu ƙona,
bana ta tafi, baɗi ta dawo da danginta.

Wata Laraba aka ɗauke wuta, janareta ba mai.
Dakta Barira ta jawo madubinta bakin taga,
ta ce, "Malam Yahuza, aje soson nan, zo ka gani."
Na goge hannu a riga,
na kanne ido ɗaya kamar maharbi.
Sai ga iri, bai kai ƙwayar toka ba,
ya zuro ɗan farin harshe yana lalube.

"Wannan," in ji ta, "yakan yi barcin shekara goma a ƙasa,
ruwan sama kaɗai bai isa ya tashe shi ba.
Saiwar dawa ce ke tsatso wani ɗan gumi,
ƙamshinsa ke raɗa masa cewa abinci ya iso.
Mu kuwa mun ɗiga masa ƙamshin, babu dawar.
Ya farka, ya miƙa baki, bai tarar da kowa ba.
Ba shi kwanaki kaɗan, yunwa za ta yi mana aikin."

Na yi dariya har Nafi'u ya ɗago daga lissafinsa.
Ashe ɓarawon da ya talauta gidanmu
da ƙamshin tuwo ake kama shi:
a kira shi walima,
a tura masa akushi wayam.

Sau ɗari biyu da sha tara suka gwada kafin ranar.
Ni na ƙirga, tunda ni na wanke.
Wasu farantan sun yi funfuna, aka zubar.
Wani dare firji ya mutu da aikin wata huɗu a cikinsa,
da safe Dakta ta zauna kan kujerar roba,
ta daɗe tana kallon bango,
sannan ta tambaye ni ko da sauran shayi.

Ta hana ni zuwa gari in yi shela.
"Faranti ba gona ba ne," in ji ta.
"Sai ƙasa ta yarda, damina uku ko huɗu,
sai kuma ya zo da kuɗin da talaka zai iya.
Kafin nan, ku riƙa hutar da dawa, ku sa waken suya."
Na ce to.
Amma baki ai ba kwalba ba ne da za a sa masa murfi,
na faɗa wa direban bas, na faɗa wa mai ƙosai.

Ran Juma'a bayan la'asar na tsaya a gonar.
Baba ya cika shekara shida a ƙasa.
Na ɗebi turɓaya cikin tafina,
na san suna ciki, dubbai, suna barci,
suna jiran ƙamshi.
Na ce, Baba, ba gajiya ta yi ba,
mai baƙo ce da ba ta gayyata ba.
Na watsar, na karkaɗe hannu.

Ran Litinin faranti arba'in na jirana cikin baho,
sabulu kuma ya kusa ƙarewa.